Baƙona na Ranar Juma'a

Kafin in zo Abuja malamin makaranta ne ni. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata kwalejin horon malamai, kuma darasin da na fi jin daɗinsa shi ne na abin da ke sa mutum ya tashi ya yi abu. Akwai wata dala da nake zanawa a allo, wadda wani Bature ya ƙirƙiro ya jera buƙatun ɗan Adam a cikinta hawa-hawa: ci da sha a ƙasa, sai tsaro, sai son a so ka, sai son a girmama ka, can ƙololuwa kuma mutum ya cika burin ransa. Na zana ta har hannuna ya koyi zana ta ko da hankalina yana wani wuri. Ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar mini da ita ba ko ƙwarzane. Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce ta taimake shi ya gane surukinsa ba.

Bayan sojoji sun koma bariki, kuɗi ya fara zuba a Abuja, sai na samu canjin aiki zuwa wata ma'aikatar tarayya, sashen horar da ma'aikata. Gidajen gwamnati na Garki duk an riga ni, don haka na kama haya a Mararaba, inda kowace safiya mutum ke samun isasshen lokaci a cikin cunkoso ya yi nazarin rayuwarsa. Aikina shi ne in shirya bita, in zana wa manyan mutane dalar nan a farin allo, su yi gyangyaɗi, a raba musu shinkafa da cinyar kaza, a watse.

A benenmu akwai benci a ƙofar kowane ofis. Ba a rubuta a kowace doka ba, amma kowa ya sani da wannan benci ake auna ma'aikaci. Na Darakta kullum cike yake har wasu na tsaye. Na mai kula da sayayya ma haka, 'yan kwangila da jakunkunansu a cinya, suna murmushi ga duk wanda ya wuce don ba su san wanda zai yi musu rana ba. Nawa kuwa masinjoji ne ke kwanciya a kansa bayan azahar. Wanda ke koyar da ƙwazon aiki ba shi da abin da zai bai wa kowa, kuma Abuja ba ta ɓata takalminta a banza.

Wata Asabar na shiga kasuwar Garki sayen hula. Mai shagon wani Bakatsine ne, dattijo fari mai tsabta, irin mutanen da ko zama suka yi rigarsu ba ta yamutsewa. Alhaji kowa ke ce masa a layin. Muna ciniki ya tambaye ni inda nake aiki, na gaya masa, ya ce ma sha Allah, ya naɗe mini hular a takarda. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, sai masu gadi suka bugo waya wai ina da baƙo. Na ce su sake dubawa, ƙila sun yi kuskuren ofis. Suka ce ni ɗin dai. Can sai ga Alhaji cikin farar shadda tana ƙara, turarensa ya riga shi shigowa.

"Salamu alaikum. Malam, na zo wucewa ne na ce bari in gaishe ka."

Ma'aikatarmu ba a kan hanyar ko'ina take ba. Amma na ba shi kujera, na sa aka kawo shayi. Ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen garinmu Zariya, muka taɓa zancen damina da tsadar haya. Ya shanye shayinsa, ya yi mini addu'a, ya tashi. Na raka shi har bakin matakala ina jiran ya juyo ya ce, "Af, Malam, dama akwai wata 'yar magana." A garin nan duk gaisuwa tana da wutsiya, kuma a bakin ƙofa take fitowa. Bai juyo ba.

Ya dawo Juma'a ta gaba, da wadda ta bi ta. Kowane zuwa da sabuwar hula a kansa, ba ya riƙe da fayil, ba ya riƙe da ambulan. Wani lokaci yakan ɗan zauna a bencina kafin ya ƙwanƙwasa, ko da kuwa ya san ba kowa a ciki sai ni, ya jingina yana jan carbi, masu wucewa suna rusuna masa.

Sai na shiga aikin da na iya. Na ɗauki Alhaji na bi da shi hawa-hawa a kan dalata. Yunwa dai ba ta kawo shi ba, don shayin ma'aikatarmu ba abin da mutum zai biya kuɗin tasi dominsa ba ne. Ɗa yake nema wa aiki? Na jefa masa zancen yara, ya ce duk suna kasuwa, alhamdu lillahi. Fili yake nema? Na yi ƙorafin wahalar samun fili a Abuja, ya taya ni ƙorafi, ya ce Allah ya hore mana. Na gwada yin shiru, don a littattafanmu an ce mai buƙata ba ya jure shiru. Alhaji ya fi ni jurewa. Muka zauna muna sauraren ƙarar esi mai sanyaya ofis kamar masu zaman makoki, ya gama ya ce, "To Malam, a gaida gida."

Na kai ƙara wurin matata. Ta ce, "Baban yara, ba ka tunanin ko mutumin kirki ne kawai?"

Na ce mata na duba, babu wannan hawan a dalar.

"To ka ƙara masa hawa mana, ba kai ke riƙe da allin ba?"

Haka muka ci watanni. Ana nan sai Darakta, wanda a da in na gaishe shi yakan amsa wa bangon da ke bayana, ya fara tsayawa yana miƙo mini hannu. Rannan ya kira ni ofis ya ce an sa ni cikin kwamitin tantance 'yan kwangilar da za su kawo wa ma'aikata kwamfutoci da kujeru. Ya ce an daɗe ana lura da ni.

Ba zan ɓoye ba, na so kujerar nan. Tun da na zo Abuja ban taɓa zama a ɗakin da ake yanke wani abu ba, sai dai ɗakin da ake bayani bayan an yanke. Wanda ya zauna a irin wannan kwamiti ya fita lafiya, sunansa ya shiga kunnen manya, ƙarin girma ba ya wuce shi. Na koma ofis na rufe ƙofa, na yi murna ta minti kaɗan, sai na tuna. Alhaji! Ashe ya san da wannan tun kafin ni. Ashe shuka yake yi tun watanni, yanzu zai zo girbi. Na ma ji wani irin sanyi a raina, irin na mai lissafin da amsarsa ta fito.

Juma'a ta zo, na shirya masa. Na gaya masa labarin kwamitin ina kallon ƙwayar idonsa. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sanya alheri, Allah ya raba ni da sharrin masu sharri. Sannan ya tambaye ni ko a Mararaba ma an yi ruwan jiya.

A nan ne maƙwabcina ya shigo maganar. Ofishinsa na jikin nawa, matakinmu ɗaya, shi ma ɗan Arewa ne, mai fara'a da yawan barkwanci. Farfesa yake ce mini, ba don girmamawa ba. Ya leƙo bayan Alhaji ya fita, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Farfesa, wai wannan Alhajin naka, me yake sayarwa ne?"

"Huluna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Huluna! To ni ma limamin Jabi ne. Mutumina, ka san dai yanzu idon kowa na kanka. Kana cikin kwamiti, ga wani mai babbar riga yana zarya a ofishinka duk mako. In takardar ƙorafi ta tafi sama, ba wanda zai tambayi ko hula yake sayarwa ko kwamfuta. Ni dai na gaya maka don Allah."

Ya kamata a ce kalmar nan ta ƙarshe ta sa na ɗaga kunne, don a benenmu ba a cika ambaton Allah a kan abin da ba a da riba a ciki ba. Amma maganarsa ta zo daidai da abin da ke raina, kuma mutum ba ya binciken wanda ya yarda da shi. Na yanke shawara zan je in ga Alhaji a inda yake, in san abin da yake so kafin kwamiti ya fara zama.

Da safiyar Asabar na shiga kasuwa. A shekarun nan ana ta rusau a gari, duk inda ka duba ga jan fenti a jikin bango, kuma layin su Alhaji na 'yan tebur da shagunan kwano ne da aka liƙa a jikin katanga, irin waɗanda kowa ya san ba sa cikin zanen kowa. Ban kai ga shagon ba wani tela ya miƙe daga kan kekensa.

"Ga ogan Alhaji! Sannu da zuwa, yallaɓai!"

Kafin in ce wani abu an kawo kujera, an kawo lemo mai sanyi. Wani Ibo mai sayar da takalma ya kama hannuna da hannu biyu.

"Oga, sannu. Alhaji ta ce kai ne tana riƙe da mu a sama. Allah ya taimake ka, oga. Wannan layi, ba za a taɓa ba, ko?"

Na ce masa Allah ya kiyaye, wanda amsa ce da ba ta ɗaure kowa. Na hango Alhaji yana tahowa daga ƙarshen layi, bai yi sauri ba, bai kuma nuna alamar wanda aka kama ba. Ya ja ni cikin shago, ya sauke labule.

Na ce, "Alhaji, me ka gaya wa mutanen nan?"

"Me suka ce na ce?"

"Wai ni zan hana a rushe musu shaguna. Ni da ko kujerar ofishina ta karye sai na rubuta takarda na jira wata uku."

"Ni ban faɗi haka ba, Malam. Wallahi ban faɗa ba. Ran Juma'a in na sa riga suka ce ina zuwa, sai in ce zan je wurin mutumina a ma'aikata. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ba."

"To. Sauran su suka ƙarasa da kansu."

A hankali maganar ta fito. 'Yan layin suna da ƙungiya, za su zaɓi shugaba, kuma a lokacin da kowa ke kwana da fargabar katafila ba wanda za su zaɓa sai mai shiga ofisoshin gwamnati a buɗe masa ƙofa. Wani ɗan tasi na layin ne ke kai shi duk Juma'a, ya ga masu gadi suna sara masa, ya dawo ya ba da labari da ƙari.

Na ce, "To me ya sa ba ka taɓa roƙona komai ba?"

"In na roƙa ka ce ba ka iyawa, ai zuwa ya ƙare ke nan."

"Kuma duk ma'aikatan Abuja, don me sai ni?"

Ya gyara wata hula a kan katako, ya ɗan yi murmushi. "Malam, bencinka babu layi. Ga shi kana da shayi."

Na so in ji haushi, sai na ga ban san ta inda zan fara ba. Ga shi dai amsar ta zauna daram a hawa na huɗu, son girma, da ɗan tsoro daga hawa na biyu. Da ɗalibi ne ya kawo mini ita da na ba shi maki mai kyau. Duk da haka ban yarda ita ke nan duka ba, don ba a taɓa ba ni gaskiya cikin sauƙi haka a garin nan ba. Abin da na tabbatar shi ne sunana yana yawo a kasuwa a matsayin mai tare rusau, kuma in wannan ya isa benenmu, kwamiti ya wuce ni.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka dakata da zuwa ofis. In gaisuwa ce, ni zan riƙa zuwa nan."

Ya dubi labulen. "Nan ai ba ƙofa mai masu gadi." Sannan ya ce, "Ba komai, Malam. Yadda ka ce."

Da zan fita ya miƙo mini hula. Na ƙi karɓa, don ina cikin kwamiti. Ya mayar da ita kan katako.

Juma'o'i suka wuce ba Alhaji. Masinjoji suka koma kwanciyarsu. Na lura ban hana a kawo shayi kofi biyu ba sai da aka yi mako uku ko huɗu, na kuma lura cewa a watannin baya ni ma nakan bar ƙofata a buɗe in yana ciki, ko da esi na aiki. Na ajiye wannan a gefe, don ba a kaina nake bincike ba.

Kwamiti ya yi zaman farko, na gabatarwa. Aka ba mu ruwan roba da biskit, na yi magana sau ɗaya, aka gyaɗa kai. Da aka tashi Darakta ya ce in biyo shi. Ya zauna, ya cire tabarau, ya yi mini irin murmushin da ake yi wa ɗan gida.

"Malam, ina Alhajinka ne? Kwana biyu ba mu ga ƙyallinsa ba. Lafiya dai?"

Na ji daɗi a raina, ga dama ta samu in wanke kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na dakatar da shi. Dama ba wata alaƙa ba ce. Mai sayar da hula ne a kasuwar Garki."

"Mai me?"

"Hula, ranka ya daɗe. A wurinsa na sayi wannan ta kaina."

Ya dubi hular. Ya daɗe yana dubanta.

"Ba shi ne aka ce surukin wani sanata ba?"

"Ban taɓa jin haka ba, ranka ya daɗe."

"Amma mutum ya yi ta zuwa wata da watanni bai nemi komai ba..." Bai ƙarasa ba. Ya mayar da tabaransa, ya jawo wani fayil. "To madalla. Ka kyauta da ka faɗa. Sai an jima."

A kan matakala na gane abin da ya faru. A lissafin Darakta, kuma lissafi ne da duk benen zai sa hannu a kai, wanda ya zo da fayil mabuƙaci ne, wanda ya zo hannu rabbana ya sha shayi ya tafi kuwa shi ake buƙata. Mutumin da ke canja hula duk mako, ba ya roƙo, ba ya sauri, dole wani ne. Ma'aikacin da irin wannan mutum ke zama a bencinsa yana jira, dole akwai wanda ya tsaya masa a sama, kuma mai hankali yakan sa irinsa a kwamiti kafin a bugo waya a ce ya sa shi. Lurar da aka daɗe ana yi da ni ke nan. Ba wanda ya taɓa sauraren bitata.

Ba a yi mako biyu ba aka ce an sake fasalin kwamiti domin daidaita wakilcin sassa. Mutum ɗaya aka cire. Maƙwabcina ya shigo ya yi mini jaje da fuskar gaske, ya ce wallahi shi ma bai so aka ba shi kujerata ba, nauyi ne kawai.

"Farfesa, ka san halin garin nan. Kai dai ka ci gaba da zana mana dalarka."

Na ci gaba. A bita ta gaba, da na zo bayanin bambancin abin da ke tura mutum daga cikin zuciyarsa da abin da ke jan sa daga waje, wani mataimakin darakta ya farka ya tambaye ni ta yaya ake gane wanne ne ke aiki a jikin mutum. Na ce masa malaman addini sun riga Turawa sanin cewa maganar tana ga niyya, kuma su ma ba su ce ana ganinta da ido ba. Ya ce to me amfanin kwas ɗin? Na ce akwai shinkafa da ƙarfe ɗaya.

Na gaya wa masu gadi in Alhaji ya zo su bar shi ya hawo. Na ce wa kaina don in ba shi haƙuri ne, ko da yake da wani ne ya gaya mini haka da na tambaye shi ko ba kujerar yake bi ba. Ya zo kuwa, wata Juma'a bayan masallaci. Na ji turarensa tun daga matakala, na miƙe na gyara riga, na buɗe ƙofa. Yana zaune a bencin maƙwabcina cikin shuɗiyar shadda da sabuwar hula, yana jan carbi. A lokacin bencin ya fara tara 'yan kwangila, amma sun matsa sun bar masa gefe guda shi kaɗai.

"A'a, Malam! Ina wuni? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ya kasuwa? An yi zaɓen?"

"An ɗaga sai bayan salla."

Ƙofar maƙwabcina ta buɗe, ya fito da hannu biyu a miƙe. "Alhaji! Bismilla, bismilla, ai kai ba ka jira." Ya shigar da shi, ya bar ƙofar a buɗe, ya ɗaga murya ya ce a kawo shayi.

Har yau ban san wanda ya nemi wani a cikinsu ba. Ban san ko maƙwabcina ya je kasuwa sayen hula ba ne, ko Alhaji ne ya tambayi masu gadi wanda aka ba kujerata. Ban kuma san ko ranar da ya leƙo yana tambayata abin da Alhaji ke sayarwa ya riga ya sani ba. Na taɓa tambayarsa cikin wasa, ya ce, "Haba Farfesa, kai fa matsalarka zargi." Darakta dai ya ji daga bakina cewa Alhaji mai hula ne, amma na gan shi da idona ya tsaya a ƙofar yana gaishe shi da hannu biyu, don a ganinsa, in ji sakatariyarsa, ƙila ɓoye masa na yi.